Kamfani da Manomi a Ƙasar Tambuwal da Kebbe, daga Yarjejeniyar 1885 zuwa Zamanin Injinan Shinkafa

Muhawarar da masana ke yi a kan matsayin kamfani a cikin al'umma ta fi ƙarfi a ƙasashen da manyan kamfanoni suka kafa hedikwatarsu, inda ake tambaya ko wajibin kamfani ya tsaya ga samar wa masu hannun jari riba, ko kuwa akwai haƙƙin ma'aikaci da maƙwabci da muhalli a wuyansa. Abin da ake nufi da kamfani a nan ba kowace sana'ar haɗin gwiwa ba ce, ƙungiya ce wadda doka ta ɗauke ta tamkar mutum mai zaman kansa, tana mallakar dukiya, tana cin bashi, tana kai ƙara ana kai ta, ba ta mutuwa da mutuwar waɗanda suka kafa ta, kuma asarar kowane mai hannun jari ba ta wuce abin da ya zuba. Idan aka ɗauko wannan muhawara aka aza ta a kan tarihin kudancin Jihar Sakkwato, sai ta sauya kama, domin mutanen wannan yanki sun shafe fiye da shekara ɗari suna hulɗa da kamfanonin da ba su taɓa ganin masu su ba, suna sanin su ne kawai ta hanyar farashi da sikeli da dillali.

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, ta zarce Yawuri da Kwantagora, kuma tarihinta a zamanin Daular Usmaniyya yana haɗe da sunan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya zauna a can yana tsare wannan sashe. Kebbe kuwa tana kudu da ita, a yankin da Gulbin Zamfara ke ratsawa bayan ya baro ƙasar Gummi kafin ya isa Jega, ƙasa ce ta fadama da daji da kiwo. Muhimmancin yankin a harkar ciniki ya samo asali ne daga kusancinsa da Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, wanda kasuwarsa ta zama mahaɗar fataken Gwanja masu goro da na Nufe da Ilori masu tufafi, da kuma masu kawo gishiri da kanwa da dabbobi daga arewa.

Wannan ciniki yana da tsarinsa tun kafin zuwan Turawa. Ayari yana tafiya ƙarƙashin madugu, wanda ke shirya zango da biyan kuɗin fito da na wucewa ga sarakunan hanya. A kasuwa kuma baƙon falke yana sauka gidan fatoma, wato mai masaukin da ke ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Jarin kuwa yakan fito ta hanyoyin da fiƙihun Malikiyya ya tsara, kamar tarayya tsakanin mutum biyu ko uku, ko ƙiradi, inda mai dukiya ke ba wani jari ya juya a kan su raba riba bisa kason da suka yi sharaɗi, idan kuma aka yi asara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ne ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Masanin tattalin arziki Timur Kuran ya kafa hujja a littafinsa na 2011 cewa irin wannan tarayya, da yake tana warwarewa da mutuwar ɗaya daga cikin abokan, ga kuma gado da ke rarraba dukiya, ita ta hana ƙasashen Musulmi tara jari mai ɗorewa kamar na kamfanonin Turai, ra'ayin da wasu masana suka ƙi yarda da shi. Ko an karɓi hujjarsa ko an ƙi, abu ɗaya ya fito fili, shi ne a tsohon tsari kowane bashi da kowace asara suna da mai su wanda aka san gidansa. Wannan ba ya nufin zamani ne na adalci tsantsa, don kuwa bayi na cikin hajar da ake sayarwa a Jega, kuma su ne ke ɗaukar wani kaso na kayan ayari a ka.

Kamfani na farko da ya shigo tarihin wannan ƙasa ya zo ne da takarda a hannu. A 1879 Joj Goldi ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a Kogin Kwara suka zama ɗaya, ya kuma saye na Faransawa da ke gasa da shi kafin taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idar rabon Afirka. Da ya ji Jamusawa na shirin isa Sakkwato, sai ya tura Josef Tomson, wanda a watan Yuni na 1885 ya sami sa hannun Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, sannan na Sarkin Gwandu Maliki. Kwafin Ingilishi na yarjejeniyar ya nuna cewa an miƙa wa kamfanin iko a kan gaɓar Kwara da Binuwai tare da keɓe masa hulɗa da baƙi, shi kuma zai riƙa ba da kaya na kimar jaka 3,000 ta wuri ga Sakkwato da jaka 2,000 ga Gwandu kowace shekara. Masanin tarihi R. A. Adeleye, a bincikensa na 1971 a kan diflomasiyyar daular, ya nuna cewa fadar Sarkin Musulmi ba ta ɗauki wannan takarda a matsayin sallama ƙasa ba. A wurinta izinin ciniki ne aka ba wasu baƙin fatake waɗanda suka nemi amana, abin da suke kawowa duk shekara kuwa gaisuwa ce irin wadda kowane baƙo mai neman kariya ke kawowa. Ɓangarorin biyu sun sa hannu a takarda ɗaya, kowa da abin da ya fahimta, amma fahimtar mai jirgin ruwa da bindiga ce ta yi aiki a Turai.

Da wannan takarda da ire-irenta kamfanin ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, ya koma Kamfanin Neja mai ikon mulki, yana da sojojinsa da kotunansa da kuɗin fiton da yake ɗora wa duk wanda ya shigo kogin. Da ita kuma Ingila ta yi jayayya da Faransa a 1890, aka ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi, aka bar wa kamfanin duk abin da aka ce yana ƙarƙashin Sakkwato. Ma'ana, makomar Tambuwal da Kebbe, ko su faɗa hannun Ingila ko na Faransa kamar Ƙwanni da Maraɗi, an yanke ta ne bisa da'awar wani kamfani wanda ba shi da ko rumfa ɗaya a ƙasarsu. A 1897 sojojin kamfanin suka ci Bida da Ilori, masarautu biyu da ke biyayya ga Gwandu, a zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, kuma daga nan ne fadar ta gane irin baƙon da ta saukar. Masana irin su Philip Stern, wanda ya yi nazarin kamfanin Ingila na Indiya, suna kiran irin wannan halitta kamfani mai zaman gwamnati, suna kuma jan hankali cewa rabuwar da ake gani yau tsakanin kasuwa da mulki ba daɗaɗɗiya ba ce, an yi ta ne daga baya.

Yadda aka yi wannan rabuwa a Najeriya shi ne ya fi dacewa a tsaya a kai. A ƙarshen 1899 gwamnatin Ingila ta karɓe izinin mulki daga kamfanin, ta biya shi diyyar fam 865,000, ranar 1 ga Janairu 1900 kuma Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja. Kamfanin ya sauke nauyin soja da na shari'a, amma ya riƙe shagunansa da jiragensa, aka kuma ba shi rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinai a babban sashe na Arewa har shekara 99, haƙƙin da sai a wajen 1950 aka fanshe shi da fam miliyan ɗaya daga aljihun Najeriya. Yaƙin da ya kai ga faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na shekarar, gwamnati ce ta yi shi da kuɗinta, kuma cikin hujjojin da aka kafa har da cewa daular ta saɓa yarjejeniyar da aka gada daga kamfanin. A 1920 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye Kamfanin Neja, a 1929 aka haɗe shi da babban abokin gasarsa aka haifi UAC, wanda ya zama reshen Unilever. Mai sayen gyaɗar Arewa ya zama shi ne mai matse ta ya yi sabulu da man shafa wa burodi a Turai, don haka arahar gyaɗa riba ce gare shi ko da reshensa na Afirka bai ci komai ba.

Kamfani ba shi da ikon tilasta wa manomin Kebbe ya sayar masa da komai, kuma bai buƙaci wannan iko ba, domin haraji ya yi masa aikin. Gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da wuri a 1904, ta dunƙule tsoffin kuɗin ƙasa da zakka zuwa haraji ɗaya a kan kowane baligi, ga jangali a kan shanu, sannan sannu a hankali ta ƙi karɓar komai sai sulalla. Hakimi da dagaci da mai unguwa ke tarawa, lokacin tarawar kuma kaka ce, daidai sa'ar da amfanin gona ya fi araha. Magidancin da ke neman sulalla dole ya sayar da abin da mai sulalla ke so, wato gyaɗa ko auduga ko fata, in ba haka ba ya sayar da hatsin da zai ci da bazara, ko ya sayar da ƙarfinsa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa isowa Sakkwato ba. Wannan ya bar Tambuwal da Kebbe nesa da tasha, kuma da yake kamfanoni suna cire kuɗin dako daga farashin da suke biya, manomin wannan yanki yana karɓar ƙasa da abin da na Kano ko na Gusau ke karɓa a kan buhu iri ɗaya, alhali ba a rage masa haraji gwargwadon nisansa ba.

Hajar da ta fi jure wa wannan nisa ita ce fata, saboda ba ta da nauyi idan aka gwada da kimarta. Jar akuyar Sakkwato, wadda ake samun 'yar'uwarta a Maraɗi, tana da fata mai laushi da ƙarfi da kyan ido, wadda tun ƙarnoni da suka wuce ake ƙetare Sahara da ita zuwa Tarabulus da Maroko, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, ana yin bangon littafi da safar hannu da takalma masu tsada. A tsohon tsari fatar tana barin ƙasar Hausa ne bayan ta bi ta hannun majemi, wanda ke jiƙa ta a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare ta, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa ta jemu, ya shafe ta da mai, sannan a rina ta ja da karan dafi da kanwa. Abin da bai tafi arewa ba kuma dukawa su ɗinka sirdi da linzami da jaka da kube da laya. Kamfanonin Turai irin su UAC da John Holt da Ambrosini ba jemammiyar fata suke so ba, ɗanya busasshiya suke so, domin masana'antun Ingila da Amurka su jeme ta da kansu. Da haka mafi tsokar ribar, wadda ke cikin jima da rini, ta ƙaura daga hannun majeman ƙasar, suka koma suna gasa da wakilin kamfani a gaban mahauci a kan fatar da a da tasu ce ba jayayya.

A nan ma gwamnati ce ta ɗauki ɗawainiyar gyara hajar. Ma'aikatar dabbobi da En'e, wato hukumar gargajiya, suka sa malaman fata a kasuwanni, aka koya wa mahauta fiɗa da wuƙa mai lanƙwasasshen baki don kada a huda fata ko a yi mata zane, aka hana shanya ta a ƙasa cikin rana inda takan ƙone ta sama ta ruɓe ta ciki, aka gina rumfuna inda ake ɗaure ta da igiya a jikin katako ta bushe a inuwa, sannan a buga mata hatimi. En'e ta Sakkwato ta kai ga sa a riƙa dandaƙe bunsurun da ba ja ba domin irin ya tsarkaka. Duk wanda ya dubi wannan da idon basira zai ga cewa fatar ta ƙara daraja ƙwarai, mai akuya ma ya ɗan amfana. Sai dai kuɗin malamin fata da na rumfa daga baitulmalin En'e suka fito, wato daga harajin talaka, matakin daraja kuwa, ko ta ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, akawun kanti ne ke yanke shi bayan ya ɗaga fatar ya duba ta a haske ya jefa a sikeli, kuma hukuncinsa ba shi da ɗaukaka ƙara. Akuya a ƙasar Hausa galibi dukiyar mata ce, saboda haka ƙarshen wannan doguwar sarƙa da ta faro daga Landan yana cikin turken wata mata a ƙauyen Kebbe, wadda ba ta san sunan kamfanin ba balle farashin da ya sayar.

Labarin auduga ya ɗan bambanta, domin a nan kamfani ya gamu da abokin gasa na gida. An kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, wadda aka fi sani da BCGA, a Mancesta a 1902 da burin mayar da Arewa gonar masaƙun Lankasha, ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, aka kawo irin Amurka mai suna Allen ana raba shi kyauta, aka keɓe kasuwannin auduga inda malami ke tantance ta kafin a auna. Amma masu kaɗi da masaƙa da marina na ƙasar sun daɗe suna biyan farashin da ya fi na kamfanin, har ya zama a shekaru da yawa abin da BCGA ke samu ragowar abin da kasuwar gida ta bari ne. Abin da ya karya masaƙar gida a hankali shi ne akoko da atamfa masu araha da kantunan kamfanonin ke sayarwa, ta yadda hannun da ya sayi audugar shi ne ya dawo da ita a matsayin tufa.

Tsakanin kanti da manomi akwai matakai. Kamfani yana ba babban wakili kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa da 'yan baranda, su shiga ƙauyuka da jakuna da raƙuma, wani lokaci su ba manomi bashi da damina a kan zai biya da amfani idan ya girbe. Ta wannan hanya Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa, kuma ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Wannan ya nuna cewa tsohon tsarin fatauci bai mutu ba, kamfani ya hau kansa ne ya yi tafiya. Su kuma kamfanonin, maimakon gasar da littattafan tattalin arziki ke alkawari, sun riƙa haɗa baki su tsayar da farashi ɗaya su raba kasuwa a tsakaninsu, abin da ya sa ɗan kasuwa mai zaman kansa irin Saul Raccah na Kano, wanda ya riƙa ƙara farashin gyaɗa a ƙarshen shekarun 1930, ya zame musu ƙaya. Da kasuwar duniya ta faɗi bayan 1929, farashin gyaɗa da fata da auduga ya zube, kamfanoni suka rufe kantunan da ba su da riba suka jira, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba.

Amsar da talakan lardin Sakkwato ya bayar ita ce cin rani. Da an gama girbi sai maza su kama hanya ta Jega da Yawuri zuwa gonakin koko na ƙasar Yarbawa da Gwalkwas, ko su nufi Gusau da Kano da Jos, kuma ƙidayar da Mansell Prothero ya yi nazari a kanta, ta ranin 1952 zuwa 1953, ta tabbatar da cewa lardin na cikin manyan masu fitar da 'yan ƙwadago a Afirka ta Yamma. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya wuce na son rai, domin daga 1942 zuwa 1944 gwamnati ta riƙa ɗibar mutane ta hannun hakimai ana kai su haƙar kuza a Jos, a ramukan kamfanoni masu zaman kansu, inda sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa. Wannan ne mutane suka riƙa kira ɗibar gwamna, kuma ya zo daidai da yunwar da aka laƙaba wa suna 'Yar Gusau.

A kan fassarar wannan zamani ne masana suka rabu. Ɓangare ɗaya, wanda ya dogara da ra'ayin Hla Myint, yana ganin cewa akwai ƙasa da ƙarfin aiki da ke zaune ba amfani, sai cinikin waje ya buɗe musu ƙofa. Jan Hogendorn ya ƙara da cewa bunƙasar gyaɗa a Kano daga 1912 dabarar manoma da fataken Hausa ce, waɗanda suka ƙi audugar da Turawa ke so suka zaɓi abin da ya fi riba. Ɗaya ɓangaren, irin su Michael Watts a 1983 da Robert Shenton a 1986, suna ganin babu wani ƙarfi da ke zaune banza, an janye shi ne daga noman hatsi da sana'o'in rani, an kuma rushe rumbunan ajiya da hanyoyin taimakon juna da ke tare yunwa, har fari da a da ake jurewa ya koma bala'i. Hujjar Hogendorn tana da ƙarfi a ƙasar da jirgi ya ratsa, inda manomi ke da zaɓi na gaske. A Tambuwal da Kebbe, inda kuɗin dako ke cinye ribar kafin ta iso, kuma babbar hajar da aka fitar ita ce ƙarfin samari, hujjar ɓangare na biyu ta fi kusa da abin da ya faru, ko da yake su ma sukan yi wa zamanin daula kwalliyar da bai cancanta ba.

Bayan yaƙin sai gwamnati ta shiga tsakani da hukumomin sayen amfanin gona, aka kafa na gyaɗa da na auduga a 1949, aka haɗe su ƙarƙashin hukumar Jihar Arewa a 1954. Hukuma ke yanke farashi kafin kaka, kamfanoni da manyan 'yan kasuwa suka koma wakilai masu lasisi suna cin la'ada tabbatacciya. An ce manufar ita ce a tara rara a shekarar tsada a tallafa wa manomi a shekarar araha, amma P. T. Bauer ya nuna tun 1954 cewa abin ya zama haraji a ɓoye, kuma rarar ta tafi ga gina hanyoyi da makarantu da masana'antu, wani kason kuma ga 'yan siyasa. Wannan darasi ne ga masu ganin cewa maganin zaluncin kamfani shi ne gwamnati ta karɓi sikelin, domin manomin bai ga bambanci mai yawa ba. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur suka gama da dalar gyaɗa, dokokin 1972 da 1977 suka mayar da kaso na hannun jarin kamfanonin waje ga 'yan ƙasa, galibi attajiran birni, a 1986 kuma aka rushe hukumomin gaba ɗaya.

Manyan kamfanonin da suka zauna a ƙasar Sakkwato da jikinsu kaɗan ne, kuma ba a wannan yanki ba: kamfanin siminti na Kalambaina da aka kafa a 1962, wanda yanzu yake hannun BUA, da kamfanin Impresit na Italiya da ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, inda a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Abin da ya taɓa fadamun Gulbin Zamfara kai tsaye shi ne shinkafa. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar a Birnin Kebbi da shirin Babban Bankin Najeriya na ba ƙananan manoma bashin iri da taki da injin ban ruwa, a kan su sayar wa wani babban mai injin casa da aka ɗaura su da shi, kamar Labana a Birnin Kebbi ko WACOT da ta buɗe masana'antarta a Argungu a 2017, rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuma ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa. Tsarin ya yi kama da na bashin kafin kaka na zamanin kanti, sai dai a wannan karon masu injin 'yan kasuwa ne da ke da rajista a Najeriya, kuɗin kuma na gwamnati ne.

Muhawarar zamani tana da iyaka biyu da aka saba ambata. Milton Friedman ya rubuta a 1970 cewa haƙƙin al'umma ɗaya da ke kan kamfani shi ne ya ƙara riba muddin yana bin doka da gasa ta gaskiya, Edward Freeman kuma ya kawo a 1984 ra'ayin masu ruwa da tsaki, cewa duk wanda aikin kamfani ya shafa yana da haƙƙin a saurare shi, ra'ayin da shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 suka sa hannu a kansa a 2019. Sharaɗin Friedman na doka da gasa bai taɓa cika a tarihin wannan yanki ba, tunda kamfanin farko shi ya rubuta dokar, na bayansa kuma suka haɗa baki suka kashe gasar. Ra'ayin Freeman kuwa, yadda ake aiki da shi a Najeriya, yakan tsaya ga rijiyar burtsatse da ajin makaranta da buhunan azumi a garin da masana'anta take, wanda hakan bai kai ga ƙauyen da ke nesa da ita ba, kuma bai taɓa tambayoyin da suka fi damun mai kawo kaya ba, wato wa ke riƙe da sikeli, wa ke yanke darajar haja, wa kuma zai ɗauki asara idan shekara ta ɓaci. Ambaliyar damina ta 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi da maƙwabtanta, ta amsa tambaya ta uku a aikace: mai injin ya nemi shanshera a wata kasuwa, bashin ya zauna a kan sunan manomi, kuma taƙaddamar rashin biyansa na cikin dalilan da suka sa Babban Banki ya dakatar da irin waɗannan shirye-shirye bayan sauyin shugabancinsa a 2023.